Me Ya Sa Ba A Jona PDF Biyu Kamar Takarda? Tarihin Wani Ƙaramin Umarni

Idan ka taɓa kammala kundin digiri, ko ka nemi gurbin karatu ta intanet, to ka san irin wannan daren. An ce a tura komai cikin fayil ɗaya na PDF, kai kuwa abin da ke hannunka tarkace ne: shafukan farko masu lambobin Romawa a fayil guda, babi biyar kowanne da nasa, ga kuma shafin sa hannun malamai da ka kai shago aka yi maka sikanin. Ni a nawa daren ina sabon shiga Linux, kaina kuwa ya ɗan kumbura. Na san akwai wani tsohon umarni mai suna cat, wanda aikinsa kenan, ya ɗauki fayil ya jona shi da wani. Sai na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga:

cat gabatarwa.pdf babi1.pdf > kundi.pdf

Ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Na duba nauyin sabon fayil, ya yi daidai da na biyun idan an tara su. Amma da na zo buɗewa, wata manhaja ta ce fayil ɗin ya lalace, wata kuma ta daure ta buɗe shi, sai dai babi na ɗaya kaɗai ta nuna. Gabatarwar ta yi ɓatan dabo, alhali kowane ƙwayar bayaninta na nan cikin fayil ɗin.

Laifin nawa ne, cat ya yi abin da aka sa shi. Sai dai dalilin da ya sa abin bai yiwu ba yana da tarihi, kuma idan ka san tarihin za ka gane abin da ya sa yau ake da hanyoyi kusan biyar na haɗa PDF daga allon umarni, da kuma abin da ya sa sakamakonsu ba ya zama iri ɗaya.

Shi cat tsoho ne ƙwarai. Yana cikin bugun farko na Unix a 1971, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs da ke Amurka. A tunanin mutanen Unix, fayil jerin bayit ne kawai, ɗaya na bin ɗaya kamar ƙwayoyin tsakiya a zare. Idan rubutu ne zalla a ciki, to ka ƙulla ƙarshen wannan zare da farkon wancan, magana ta ƙare. Shi ya sa har gobe cat ke aiki lafiya lau a kan fayilolin rubutu da teburan alƙaluman da na'urorin ɗakin gwaji ke fitarwa. PDF kuwa da gangan aka gina shi ta yadda ba za a karanta shi daga sama zuwa ƙasa ba. Don ka ga dalilin, sai mun koma kan mahaifinsa.

A ƙarshen shekarun 1970, John Warnock da Charles Geschke suna aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya. Abin da ya dame su shi ne yadda kwamfuta za ta bayyana wa firinta kamannin shafi ba tare da ta damu da wane kamfani ya ƙera firintar ba. Sun yi wani harshe mai suna Interpress, amma suka ga kamfanin na jan ƙafa wajen fitar da shi kasuwa. A Disambar 1982 suka bar aiki suka kafa nasu, suka sa masa sunan wani rafi da ke bayan gidan Warnock, wato Adobe. A 1984 suka fito da PostScript. Shekara ɗaya bayan haka Apple ya saka shi cikin firintarsa ta LaserWriter, manhajar tsara shafi ta PageMaker ta fito a wannan shekarar, sai ga mutum ɗaya a teburinsa yana iya tsara mujallar da a da sai an je maɗaba'a.

Ga abin da nake so ka riƙe. PostScript cikakken harshen shirya manhaja ne. Fayil ɗinsa jerin umarni ne ga firinta: je ka wuri kaza, ɗauki salon haruffa kaza, rubuta wannan kalma, ja layi, maimaita sau goma, idan kaza ya faru yi kaza. Ita firintar ƙaramar kwamfuta ce da ke gudanar da shirin. Wannan ya ba shi ƙarfi, ya kuma jawo masa matsala. Abin da shafi na 3 ya ayyana yana iya shafar shafi na 300. Saboda haka a ƙa'ida, idan kana son ganin shafi na 300, sai an gudanar da 299 da suka gabace shi. Ga firinta wannan ba komai ba ne, dama daga farko take farawa. Ga mutumin da ke zaune gaban allo yana son ya tsallaka tsakiyar littafi, da kwamfutocin wancan zamani marasa ƙarfi, azaba ce. Adobe ya fito da wasu ƙa'idoji na yadda za a riƙa sa alama a farkon kowane shafi, amma bin su ganin dama ne, ba kowace manhaja ke bi ba.

Abin dariyar shi ne, a zamanin PostScript dabarar tawa ta cat kan yi aiki wani lokaci, tunda shiri ne da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Wato na makara ne da kusan shekara talatin.

A 1991 Warnock ya rubuta wata gajeruwar takarda ta cikin gida da ya kira aikin Camelot. Burinsa shi ne a samu takardar da kowace manhaja za ta iya fitarwa, a aika ta ko'ina, a gan ta a kowane allo, a buga ta a kowace firinta, ba tare da kamanninta sun sauya ba. Dabarar ita ce a gudanar da shirin PostScript sau ɗaya, a tace shi, a zubar da duk wani lissafi da maimaici, a bar sakamakon kawai: wannan harafi a nan, wannan layi a can. Kuma kowane shafi ya tsaya da ƙafarsa. A Yunin 1993 aka fitar da PDF na farko tare da manhajar Acrobat. Da farko kasuwa ba ta karɓe shi ba, don har manhajar karantawar sai ka saya, kusan dala 50. A 1994 suka mayar da ita kyauta, hukumar harajin Amurka ta shiga rarraba fom ɗinta a PDF, intanet kuma ta fara yaɗuwa. Daga nan ne abin ya kama.

To yaya aka yi shafi ya tsaya da ƙafarsa? A nan gizo ke saƙar, don haka bari mu ɗan zauna.

Ka ɗauki fayil ɗin PDF a matsayin dogon sito mai ƙofa ɗaya. A bakin ƙofa akwai ɗan allo da ke cewa %PDF-1.7 ko makamancin haka. A ciki an jibge kaya, kowanne da lambarsa: kaya na 1, kaya na 2, har ɗaruruwa ko dubbai. Wani kayan shafi ne, wani hoto ne, wani salon haruffa ne, wani kuma umarnin zanen da ke kan shafi ne. Ba a jera su bisa tsarin karatu ba. Shafi na farko na iya kasancewa can ƙurya, hotonsa na bakin ƙofa. Abin da ke haɗa su lamba ce: shafi zai ce haruffana suna kaya na 12, zanena yana kaya na 40. Akwai kaya guda da ke zaman shugaba, shi ke nuna inda jerin shafuka yake, jerin kuma ya faɗi shafuka nawa ne da lambar kowanne.

A can ƙarshen siton aka ajiye rajista. Rajistar ba ta cewa komai sai: kaya na 12 yana taku kaza daga ƙofa. Takun nan bayit ne, ana ƙirgawa daga farkon fayil. A tsarin asali kowane layi na rajistar bayit 20 ne cif, goma na farko su ne adadin takun. Tunda tsawon layukan ɗaya ne, manhaja ba ta buƙatar karanta rajistar duka, lissafi kawai za ta yi ta dira kan layin da take so, daga nan ta dira kan kayan. Layukan ƙarshe na fayil ɗin kuma su ne ke faɗin inda ita kanta rajistar ta fara. Wato duk manhajar da za ta buɗe PDF, daga ƙarshe take farawa. Idan kana da Linux ko Mac, gwada wannan ka gani da idonka:

tail -c 60 babi1.pdf

Za ka ga kalmar startxref, sai wata lamba, sai %%EOF. Lambar nan ita ce taku nawa ne daga ƙofa zuwa rajista. Me ya sa aka kai ta ƙarshe? Saboda manhajar da ke rubuta fayil ba ta san inda kowane kaya zai faɗa ba sai ta gama ajiye shi. Ta gama jibga kaya tukuna, sannan ta rubuta rajista.

Yanzu ka ga abin da na aikata a daren nan. Na fasa bangon bayan sito na farko na manna masa na biyu. Manhaja ta je ƙarshe, ta tarar da bayanin sito na biyu, wanda duk takunsa daga tsohuwar ƙofarsa aka ƙirga. Ta fara ƙirga daga sabuwar ƙofa, sai ta faɗa tsakiyar kayan gabatarwa, inda babu rajista babu dalilinta. Manhaja mai tsauri ta ce ya lalace. Mai haƙuri ta bi siton kaf tana neman kaya da kanta don ta sake gina rajista, sai ta ci karo da matsala ta biyu: akwai kaya na 1 guda biyu, na 2 guda biyu, shugaba ma biyu. Ta ɗauki na baya ta watsar da na farko. Ba ta yi hakan da ka ba. Tsarin PDF ya yarda a ƙara gyara a ƙarshen fayil, kuma idan lamba ta maimaitu, sabon shi ke shafe tsohon. A wurinta, babi na ɗaya gyara ne da aka yi wa gabatarwa.

Wannan tsari na ƙara gyara a ƙarshe yana da wani ɓangare da ya kamata ka sani ko da ba haɗa fayil kake ba: abin da ka goge daga PDF yana iya kasancewa yana nan kwance a ciki, an dai daina nuna shi ne.

Saboda haka haɗa PDF na gaskiya aiki ne mai matakai. Sai an karanta rajistar kowane fayil, a sake wa kayan lamba don kada su yi karo, a bi duk inda wani kaya ya ambaci wani a gyara lambar, a gina sabon jerin shafuka, a sake ƙirga taku, a rubuta sabuwar rajista. Wannan ma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne abubuwan da ba na shafi ɗaya ba ne, na fayil ɗin ne gaba ɗaya: jerin kanun babi da ke fitowa a gefe, mahaɗan da ka latsa su kai ka wani shafi, sunan marubuci, guraben fom. Idan fayiloli biyu kowanne na da gurbi mai suna "suna", wanne ne wanne? Tsarin PDF bai tanadi amsa guda ba. Kowane mai rubuta manhaja shi ya yanke nasa hukuncin, kuma daga nan bambancin kayan aikin ya samo asali.

Abu ɗaya da Adobe ya yi tun 1993, wanda a ganina ya fi komai tasiri a wannan labari, shi ne ya buga cikakken bayanin tsarin PDF a matsayin littafi, kowa ya saya ya karanta. Tsarin mallakarsa ne, shi ke sauya shi yadda ya so, amma bai ɓoye shi ba. Acrobat mai iya haɗa fayiloli na kuɗi ne, kuma da linzami ake aiki da shi. Mai son ya haɗa fayil ɗari biyu cikin dare a kan wata kwamfutar da ko allo ba ta da shi, sai ya nemi wata hanya. Littafin nan ne ya ba mutane damar gina ta.

Na farko da ya shigo fagen ma ya girmi PDF ɗin kansa. L. Peter Deutsch, shi ma tsohon ma'aikacin PARC, ya fitar da Ghostscript a 1988 don mutane su iya gudanar da PostScript ba tare da sun biya Adobe ba. Da PDF ya zo, aka koya masa karanta shi da rubuta shi. Shekaru da yawa, idan ka tambayi ɗan Linux yadda ake haɗa PDF, wannan dogon layin zai ba ka:

gs -dBATCH -dNOPAUSE -q -sDEVICE=pdfwrite -sOutputFile=kundi.pdf gabatarwa.pdf babi1.pdf

Yana aiki. Amma masu kula da Ghostscript sun sha nanata cewa shi ba haɗa fayiloli yake ba. Abin da yake yi shi ne ya karanta kowane shafi kamar zai zana shi, sannan ya rubuta sabon fayil fil wanda zai yi kama da na asali a ido. Kamar ka ba magatakarda wasiƙu biyu ka ce ya kwafe su cikin littafi ɗaya: maganar na nan, amma hannun nasa ne. Amfanin haka shi ne yana iya rage nauyi. Idan ka ƙara -dPDFSETTINGS=/ebook zai sauke ingancin hotuna zuwa ɗigo 150 a kowane inci, kuma duk wanda shafin neman aiki ya taɓa ce masa fayil ya yi nauyi ya san darajar wannan. Illarsa kuma, duk abin da ba a gani da ido yana iya sauyawa a hanya.

A nan abin ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. PDF ba ya ajiye salon haruffa gaba ɗaya a mafi yawan lokaci, yakan yanki haruffan da aka yi amfani da su ne kawai, ya sa wa yankin suna mai haruffa shida a gaba, irin ABCDEF+ sannan sunan salon. Kuma siffar harafi daban take da ma'anarsa. Akwai wani ɗan tebur na dabam da ke cewa wannan siffa ita ce ƙ. Idan teburin ya ɓace ko ya rikice wajen sake rubuta fayil, shafi zai fito tsaf a ido, amma ka nemi kalmar "ƙasa" a ce babu, ko ka kwafo ta ta fito da wata alama. Ba kullum hakan ke faruwa ba, sababbin fitowar Ghostscript sun fi na da kula sosai, amma haruffan da ba na Turanci ba su suka fi shiga wannan haɗari, kuma ba kowa ke dubawa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta mai ɗinki: kada a sake zana komai, a ɗauko kayan yadda suke, a sauya musu lamba, a ɗinke. Wanda ya yi suna a nan shi ne pdftk, na Sid Steward, mutumin da ya rubuta littafin PDF Hacks a 2004. Bai fara daga tushe ba. Ya ɗora aikinsa ne a kan iText, wata taskar manhaja da Bruno Lowagie ɗan ƙasar Beljiyam ya rubuta da harshen Java. Abin da ya sa mutane suka so pdftk shi ne umarninsa kamar magana yake:

pdftk gabatarwa.pdf babi1.pdf cat output kundi.pdf

Ka lura da kalmar da ke tsakiya? Sunan tsohon umarnin nan na 1971 ya ara. Kuma ya wuce jonawa kawai. Kana iya sa wa fayiloli laƙabi, ka ce ɗauko shafi na 1 zuwa na 4 daga A, saka B gaba ɗaya, sannan ka ci gaba da A. Daidai abin da mai kundi ke buƙata kenan don ya cusa shafin sa hannu a gurbinsa. Yana da wani umarnin ma, shuffle, na wanda na'urarsa ke sikanin fuska ɗaya kawai: ka yi fuskokin gaba a fayil guda, na baya a wani, shi kuma ya saƙa su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga shi wata rana ya ɓace, kuma yadda ya ɓace ɗin ya fi komai ba ni mamaki a wannan tarihi. Don kada mai amfani ya buƙaci girka Java, Steward ya yi amfani da wani mafassari mai suna GCJ, wanda ke mayar da Java ta zama manhajar da ke gudana kai tsaye. GCJ wani reshe ne na GCC, babban mafassarin da duniyar Linux ta dogara da shi. A hankali masu kula da reshen suka watse, ya zauna ba mai taɓa shi, har aka cire shi daga GCC na 7 a 2017. Shi kuwa pdftk fitowarsa ta ƙarshe, 2.02, tun 2013 ce. Da Ubuntu 18.04 ya fito a Afrilun 2018, mutane suka buga umarnin girka pdftk aka ce musu babu. Ka tuna akwai ofisoshi da ɗakunan bincike da suka shekara goma suna da 'yan shirye-shiryen da ke kiran pdftk kowane dare. Babu abin da ya lalace a cikinsa, PDF ma bai sauya ba. Tsanin da ya taka ne aka janye. Wanda ya cece shi wani mai bincike ne, Marc Vinyals, da ya mayar da shi Java zalla da sunan pdftk-java. Idan ka girka pdftk a Debian ko Ubuntu na yanzu, wannan kake samu, umarnin kuma bai sauya ba.

Sauran zan bi su da sauri. Derek Noonburg ya fitar da Xpdf a 1995 don karanta PDF a Unix. A 2005 aka ɓallo Poppler daga jikinsa, wanda shi ne injin da ke bayan manhajojin karanta PDF da yawa a Linux, daga baya kuma aka ƙara masa ɗan umarni mai suna pdfunite. Babu wanda ya kai shi sauƙi:

pdfunite babi1.pdf babi2.pdf kundi.pdf

Amma ka yi hattara, sunan ƙarshe shi ne inda za a zuba sakamako. Idan ka buga pdfunite *.pdf ka manta ba ka sa sunan sabon fayil ba, to babinka na ƙarshe ka miƙa a rubuta a kansa. Tunda mun zo kan alamar tauraro, ga wani tarkon: kwamfuta na jera suna ne harafi bayan harafi, don haka babi10 zai riga babi2. Ka sa musu 01, 02, 03 tun farko ka huta.

Akwai pdfjam, wanda David Firth, masanin ƙididdiga a Jami'ar Warwick ta Ingila, ya rubuta. Shi ta LaTeX yake bi, yana ɗaukar kowane shafi ya manna shi a kan sabuwar takarda. Ya dace idan kana son shafi biyu a fuska ɗaya, ko fayilolinka sun sha bamban a girma kana son duka su koma A4, amma mahaɗai ba sa tsira. Sai kuma shawarar da za ka ci karo da ita cewa ka yi amfani da convert na ImageMagick. Wannan kam kada ka yi. Manhajar hoto ce, za ta mayar da kowane shafi hoto, kuma idan ba ka ce komai ba a ɗigo 72 za ta yi shi. Rubutunka zai koma dishi-dishi, ba a nema, ba a kwafa.

Wanda ni nake amfani da shi yau qpdf ne, na Jay Berkenbilt, wanda ya fito fili a 2008, aka ƙara masa iya haɗa shafuka a 2012. Da C++ aka rubuta shi, bai jingina da wani tsani mai rauni ba, kuma aƙidarsa ita ce ya taɓa tsarin fayil ba tare da ya taɓa abin da ke kan shafi ba.

qpdf --empty --pages gabatarwa.pdf babi1.pdf babi2.pdf -- kundi.pdf

Kalmar --empty na nufin a fara da sito fanko. Idan kuma kana son sunan marubuci da kanun gefe na fayil ɗin farko su tsira, sai ka sa sunansa a madadin --empty, ka wakilce shi da ɗigo a cikin jerin. Umarnin bai kai na pdftk daɗin karantawa ba, na yarda. Amma yana da wata baiwa da ta sa na fahimci duk abin da na faɗa maka a sama: idan ka ba shi --qdf tare da --object-streams=disable, zai warware fayil ɗin ta yadda za ka buɗe shi a manhajar rubutu ka ga kayan da lambobinsu. Kana buƙatar na biyun ne saboda tun PDF 1.5 na 2003 aka fara dunƙule kaya da rajista a matse don rage nauyi, abin da ya sa tsofaffin kayan aiki da dama suka daina gane sababbin fayiloli har sai da aka gyara su.

Irin wannan bin sawu, inda kamfani ɗaya ke sauya tsari sauran jama'a na biye da gudu, ya ragu a 2008, lokacin da PDF 1.7 ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 32000-1. Daga nan kwamiti ne ke da ta cewa. PDF 2.0 ya fito a 2017, kuma tun 2023 ana iya sauke takardar bayaninsa kyauta.

Na san abin da ke ranka. Ga shafukan intanet birjik da za ka jefa musu fayiloli su haɗa maka cikin daƙiƙa, me zai kai ka baƙin allo? Idan takardar darasi ce da kowa ke da ita, ba ni da ja. Amma ka tsaya ka duba abin da muka fi haɗawa: takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa, takardar ƙaramar hukuma, hoton fasfo, wani lokaci har da bayanin banki. Duk abin da mai son ya yi sojan gona da sunanka ke nema, ka tattara masa a fayil ɗaya, ka tura wata kwamfutar da ba ka san ƙasar da take ba. Wataƙila suna gogewa kamar yadda suka yi alkawari, amma ba ka da hanyar tabbatarwa. Haka sakamakon binciken da ba ka riga ka wallafa ba. Ga kuma data: ka ɗora megabayit 40, ka sauke 40, a kan aikin da kwamfutarka za ta gama kafin ka ɗaga yatsa, ko babu intanet. Abin da shafin zai yi a can bayan fage kuwa bai wuce sake lamba da sake rajistar nan ba. Ba sai kana da Linux ba, qpdf na gudana a Windows da Mac, har ma a wayar Android ta cikin Termux.

Abu ɗaya ne babu kayan aikin da zai iya yi maka, kuma gara ka sani tun kafin ranar rufe karɓar takardu. Idan takarda na ɗauke da sa hannun lantarki na gaske, irin wanda ake tantancewa da lissafi, to an ƙulla shi ne da ainihin bayit ɗin wannan fayil. Da zarar an sauya lambobin kaya, sa hannun ya tashi daga aiki, ko da hotonsa na nan a kan shafi. Irin wannan takarda a tura ta ita kaɗai.

Idan ka gama haɗawa, kafin ka tura, ka buga pdfinfo kundi.pdf ka ga ko adadin shafuka ya cika. Sannan ka buga pdftotext kundi.pdf - ka bi rubutun da ido, ka nemi wata kalma mai ƙ ko ɗ daga babin farko da wata daga babin ƙarshe, ka tabbata lanƙwasarsu na nan.